Amsa ga mai baƙar Corolla: kada ka yi gaggawar kai ta seramik

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma, ina gajiya, yaya hazo? Ƙanena, na saurari muryarka tun azahar, hannuna na cikin ruwa ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce baƙar Corollar da ka saya, in ta tsaya a rana sai ka ga ƙananan zane masu kewaya a kan kapo da ƙofofi, kuma wani ya ce ka kawo ya shafa mata seramik, wannan maganin kare fenti, zanen ya ɓace, ba za ta ƙara karcewa ba. Kana tambaya ko ka kai.

To, kada ka kai tukuna. Ka bar kuɗinka a aljihu, ka saurare ni.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na kare tsatsa a jikin ƙarfe, akwai shimfiɗa, akwai launi, sai berni a sama, wannan mai sheƙin da ba shi da launi. Duka-dukansu in an haɗa, daga kamfani, wajen mikron 100 zuwa 150 ne, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Bernin shi kaɗai bai wuce mikron 40 zuwa 50 ba, silin gashin kanka ya fi shi kauri. Shi ne ke tare wa launi zafin rana. Zanen nan da kake gani, a cikin berni yake. Kuma berni in ya tafi ya tafi, ba ya tsirowa, sai dai a koma wajen mai fenti.

Me ya zana shi? Ba sai na zo gidanka ba, na san yadda aka yi. Da safe mota ta kwana ƙura ta rufe ta, yaro ya fito da tsumma busasshe, ko tsohuwar riga, ya bi ta yana karkaɗewa yana gogewa, a ganinsa ya kyauta wa maigida. Ƙurarmu ta Damagaram ba toka ba ce, ƙanena. Akwai garin yashi a ciki, irin ƙwayar da ake narkawa a yi gilashi, kuma ta fi gilashin kansa tauri, balle berni. Daga watan Nuwamba har Fabrairu iskar hunturu na kwaso ta daga arewa maso gabas tana zuba mana dare da rana. Duk sanda busasshen tsumma ya ja ta a kan fenti, daidai yake da ka sa takardar yashin kafinta. Farar mota ma tana karcewa haka, ɓoyewa kawai take yi. Baƙa ce ba ta rufa asiri.

Saboda haka kafin maganar kowane magani, a gyara wanki. Wallahi wannan ya fi min komai muhimmanci, don ina ganin motoci masu tsada suna lalacewa a hannun mutanen da ke son su.

Na farko, hannu ba ya taɓa mota sai ruwa ya fara sauke ƙurar. Na san abin da za ku ce, ruwa a Zinder ba abin wasa ba ne, wanda ke jiran famfo cikin dare ko yake sayen na 'yan garuwa ya sani. Amma ba sai da injin Kärcher mai feso ruwa da ƙarfi ba. Ka sayi famfon feshi irin na manoma, sabo fil, wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, ka zuba ruwa da ɗan sabulun mota, ka fesa daga rufi zuwa ƙasa, ka ba shi minti biyu ko uku ƙurar ta jiƙa ta gangaro. Bido biyu na lita 25 sun wanke ƙaramar mota tsaf in ba a yi ɓarna ba.

Sannan bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma safar wanki ta mikrofiba, wani yadi mai laushi sosai, a na sabulu, ka wanke ƙofa ɗaya, ka ɗauraye ta a na zalla, ka matse, sannan ka koma na sabulu. In ka gama, leƙa gindin bokitin ɗauraya, ka sa yatsa ka murza abin da ya kwanta. Za ka ji shi gurus-gurus. Wannan yashin, da bokiti ɗaya ne, a jikin motarka zai koma. Ka riƙa jan hannu a miƙe, ba kewaye ba, kuma kada ka danna. Sama kafin ƙasa. Taya da janti su da nasu soso daban, don garin ƙarfen birki na maƙale a wurin, kada ya haɗu da safar jiki ko sau ɗaya. Safa ko tawul in ya faɗi ƙasa, ya gama aiki na ranar, sai an wanke.

Sabulu kuma, don Allah a bar Omo da sabulun wanke kwanoni. An yi su ne don cinye maiƙo, suna cire duk kakin kare fenti da ka shafa, kuma a daɗe sai ka ga robobin gefe sun yi fari. Ka nemi shamfun mota wanda aka rubuta pH 7 ko kusa da haka a jikinsa, wato marar kaifi. Murfi ɗaya ko biyu a bokiti ya isa, kwalba ɗaya za ta kai ka watanni.

Kada a yi wanki a rana, ko kapo na da zafi. A bazara, lokacin da muke haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota yana iya wuce 70. Ruwa na sauka yake bushewa, ya bar gishirin da ke cikinsa, musamman na rijiya da na burtsatse, sai ka ga ɗige-ɗige farare da ba sa fita. In sabbi ne, binegar rabi ruwa rabi yana ɗauke su, sai ka ɗauraye. In sun daɗe sun ci berni, sai injin goge fenti. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfa, nan ne lokacin wanki. Ka tsane da babban tawul na mikrofiba, ka shimfiɗa ka ja a hankali.

Yanzu zanen da ya riga ya shiga. Seramik ba ya cire zane. Ruwa ne mai sinadarin silika da ake shafawa ya sandare, kaurinsa da ƙyar yake kai mikron ɗaya ko biyu, kuma garai yake, ana ganin abin da ke ƙasa. In aka shafa shi a kan zane, an rufe zanen ne a ciki har sai ya gama shekarunsa. Abin da ke cire zane shi ne folish, wato a rage bernin kaɗan har ya yi daidai da gindin zanen. Ka ga ke nan duk folish rage jari ne. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga ana wa mota inji kowace Salla.

Ga gwajin da za ka yi da kanka. Ja farcenka a hankali a kan zanen. In farce bai kama ba, folish zai fitar. In ya kama, zanen ya yi zurfi, sai dai a sassauta shi, wanda ya nace sai ya ɓace zai huda maka berni. Na biyu, bayan wanki sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa kapo. In ka ji ƙurji-ƙurji, akwai datti da ya dasu, kwalta ko ƙurar fenti ko garin ƙarfe. Wannan da yumɓun mota ake ɗebe shi, wani abu mai danƙo da ake murzawa da ruwan sabulu mai yawa, kafin a kawo inji kusa. Na uku, ɗiga folish a farin ƙyalle ka goga a wani lungu. In launi ya fito a ƙyallen, motar ba ta da berni, fenti hawa ɗaya ne, kamar wasu fararen Toyota na da, kuma aikinsu daban ne.

Wanda za ka ba aikin, ka tambaye shi wane inji gare shi. Akwai mai juyawa kai tsaye, yana ci da sauri, yana zafi, a hannun wanda bai ƙware ba cikin ƙiftawar ido yake ƙone bakin ƙofa ko ƙugun kapo, ya kuma bar wani walƙiya-walƙiya da sai a rana ake gani. Akwai mai juyi biyu, yana juyawa yana karkarwa, ya fi lafiya nesa. Gwani na farawa ne da folish mafi laushi da soso mai laushi a wuri kaɗan, kamar faɗin tafi huɗu, ya duba. In bai isa ba sannan ya hau zuwa mai ƙarfi. Wanda ya ɗauko mai ƙarfi da soson gashin tunkiya tun farko, karɓi makullinka. Kuma da yake yawancin motocinmu na hannu ne, ta Kwatano ko Lome suka shigo, da yawa an taɓa yi musu fenti a wani ɓangare. Akwai ɗan abin awon kaurin fenti, ana ɗora shi a jiki ya ba da lamba. In ƙofa ta nuna 120, ta kusa da ita ta nuna 300 ko fiye, an sake ta, wataƙila ma da mastik, abin cike lotsa, a ƙasa, sai a bi ta da lallami.

Wata dabara da ake yi wa mutane, a shafa abu mai maiƙo ya cike zanen, mota ta fito tana ɗaukar ido, wanki biyu zane ya dawo. Ka ce ya goge wurin da alkol na isopropil da aka sirka da ruwa, sannan ku haska da tocilar waya a inuwa. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar aikin.

Bayan an gyara sai kariya. Kaki na karnoba, daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil ake samunsa, yana ba baƙar mota kyau mai zurfi, amma a zafinmu makonni kaɗan ne ya tafi. Akwai na haɗin kamfani, silan, shi yana kai wata huɗu zuwa shida, yana da sauƙin shafawa, kuma ni shi nake zaɓa wa mai mota ɗaya da ke hawa kullum. Akwai kuma na feshi masu ɗan silika, ka fesa bayan wanki ka goge. Meguiar's, Turtle Wax, Sonax, 3M, duk sanannu ne, ana kawo su daga Kano da Yamai. Sai dai a duba hatimin murfi da rubutun kwalba, in farashin ya faɗi ƙasa warwas ka tuna araha ba ta ado.

Seramik na gaskiya yana da amfani, ban ce ba shi da shi ba. Yana kai shekara biyu ko fiye, ruwa na zamewa, ƙura ba ta kamawa sosai, wanki na sauƙi. Amma 9H ɗin da suke rubutawa a kwali awon taurin fensir ne, yashi ya fi ƙarfinsa. Kuma yana son ɗaki rufaffe marar ƙura, da yini guda ba ruwa kafin ya kama. Wanda zai shafa maka shi a bakin titi cikin hazo, ƙura zai liƙe maka. Mai yawan bin hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Magariya, wanda tsakuwa ke dukan gaban motarsa, abin da ke tare wannan leda ce mai kauri da ake mannawa, wajen mikron 150 zuwa 200. Tana da tsada, a gaba kawai ake buƙatarta.

Alhaji ya yi tambaya a ƙasa kan gazwal da wasu ke shafawa don sheƙi. Ranka ya daɗe, a daina. Yana jan ƙura, yana lalata roba. Man birki kuwa ya fi muni, cin fenti yake yi, ko ɗigo ya zuba a wanke nan take da ruwa. Kashin tsuntsu da na jemage, ga masu ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro, kada ya wuni a rana, akwai tsami a cikinsa. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ya yi laushi, a ɗauke, ba a kankarewa. Tampol ma kada a rufa a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi yana gogar fenti. Wanda aka yi wa sabon fenti kuma ya jira aƙalla wata ɗaya, wasu fentin har uku, kafin kaki ko seramik.

Ƙanena, ka fara da safa biyu, tawul uku, bokiti biyu da shamfu, ka zaunar da yaron gida ka nuna masa da hannunka, ka ce ko ƙura ta kai yaya kada ya taɓa ta a bushe. Ka yi wata guda a haka. Sannan ka wanke ta, ka haska tocila a kapo, ka ɗauko hoto ka turo nan zaure mu gani ko folish mai laushi zai wadatar. A gaida mutan gida. Wassalamu alaikum.