Cokalin mai da safe zai kashe mini yunwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son rage ƙiba kafin bikin ƙanwata. Wata mai sayar da kaya a WhatsApp ta ce in riƙa zuba cokali biyu na man MCT (wani mai da ake tacewa, galibi daga man kwakwa) a shayin safe, wai ba zan ji yunwa ba har la'asar. Da na yi kukan tsada, sai ta ce in sayi man kwakwa, duk ɗaya ne. Wanne zan saya? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki riƙe kuɗinki tukuna.

Akwai ƙamshin gaskiya a zancenta. Idan maiƙo ya isa ƙaramin hanji, jiki yana sakin wasu sinadarai, irin su CCK da GLP-1, masu sa abinci ya daɗe a tumbi, su kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Shi kuwa MCT, daga hanji hanta yake nufa kai tsaye, kuma a wasu gwaje-gwaje waɗanda suka sha shi da safe sun ɗan rage abincin rana.

To amma zo mu yi lissafi, wanda mai talla ba za ta yi miki ba. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), na sitaci ko furotin kuwa 4. Babban cokali biyu sun haura kalori 200, kwatankwacin dafaffen ƙwai uku. Kin shanye wannan cikin minti ɗaya ba tare da kin tauna komai ba, da rana kuma kin rage loma biyar ko shida. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ga shi MCT a cikin da babu komai yakan kawo murɗawa da gudawa, abin da ba kya so ana tsaka da hidimar biki.

Batun "duk ɗaya ne" kuwa, ba haka ba ne. Kusan rabin man kwakwa wani nau'in maiƙo ne da jiki ke sarrafa yawancinsa kamar sauran mai, sannan sama da kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne mai daskarewa, wanda ke ɗaga mugun kwalastiral a jini. Ni dai na fi son sa a gashi da fata.

Furotin ya fi mai riƙe ciki. Ki karya da dafaffen ƙwai biyu, ko alale, ko wake, ko kwaɗon zogale da ɗan ƙuli. Ki gwada mako guda, ki lura da ƙarfe nawa yunwa ke dawowa.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 4 ba ya son cin abinci. Kakarsa ta ce in sayo masa man hantar kifi, zai buɗe masa ciki. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Maman yaro, a gaida Inna, amma man hantar kifi ba maganin buɗe ciki ba ne. Amfaninsa bitamin A da D, kuma bitamin A in ya yi yawa taruwa yake a hanta, don haka ba a wuce ma'aunin da ke jikin kwalba.

Fara duba abin da yake ci tsakanin abinci. Yaron da ya sha lemon kwalba da biskit da hantsi ba zai kalli tuwo ba. In yana rama, ki kai shi asibiti a auna nauyinsa, a duba tsutsar ciki da ƙarancin jini.

Abin da na hana 'yar Zariya, ke shi zai yi miki aiki: ƙaramin cokali na man gyaɗa ko niƙaƙƙiyar gyaɗa a kununsa yana ƙara masa ƙarfi ba tare da kofin ya ƙara cika ba. Ki zuba tun kunun yana da zafi, ki motsa sosai.