Amsa ga kishiyata a kan wasan canka ma'anar kalma

Kishiya,

Saƙonki ya iso tun ranar Talata, da gangan na bar shi ya kwana biyu don in ja miki rai, tunda ke ma sai da buƙata ta kama ki kika tuna da ni. Mijin namu yana gaishe ki, ya ce har yau bai ga tuwon da kika yi masa alkawari ba.

Na gane wasan da kika ce kuna yi da ƙawayenki a makaranta. Ɗaya ta buɗe ƙamus ta zaƙulo kalmar da ba wadda ta sani, ta rubuta ma'anarta ta gaskiya a 'yar takarda, sauran kowa ta ƙirƙiro tata, a cakuɗa a karanta, sannan a yi zaɓe. Wadda ta canka ta ci maki, wadda ƙaryarta ta ruɗi mutane ita ma ta ci. Kina tambaya ko mu ma mun yi irinsa a da, kuma ko ya dace ki kawo shi gida da Sallah a yi har da manya.

Irin wannan dai ba mu yi ba. Wasan Turawa ne, har a talabijin ɗin BBC sun riƙa yin sa tun 1965, kuma ba ya yiwuwa sai da littafi a matsayin alƙali. Mu kuwa alƙalinmu tsohuwa ce zaune a kan tabarma. Abin da muka tashi da shi kacici-kacici ne, bayan sallar isha, a tsakar gida in akwai farin wata. Da rana ba a yi, cewa ake duk yaron da ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi. Sai da na girma na gane don mu je ɗiban ruwa ne.

Mai tambaya ta ce ƙulin ƙulifita, mu amsa gauta, an buɗe fage ke nan. Sai ta jefo: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Wannan ko ɗan yaye ya san tsintsiya ce. Baba na ɗaka gemu na waje, hayaƙi. Tsumagiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa. Daɗin yana wajen da aka kasa. Mai tambaya ba ta faɗin amsa kyauta, sai ta ce a ba ta gari. Mu ce mun ba ki ƙauye kaza, ta murguɗa baki ta ce me za ta ci a can. Mu ƙara, ta ƙi, har sai mun kai ta Kano ko Katsina, in ta cika tsada mu ce mun ba ta Makka. Sannan ta gyara zama ta lissafa irin daɗin da za ta ci a garin nata da irin wahalar da ta bar mana, mu kuwa muna ta cizon yatsa, kafin ta faɗi amsar. Yayata kan riƙe mu a nan har ƙananan su yi barci ba su ji ba. Kin ga ku maki kuke tarawa a takarda, mu garuruwa muke rabawa, alhali ko ɗaya ba namu ba ne.

Maganar ƙarya da ta dame ki, ban ga laifinki ba, don malamai suna jan kunne a kan ƙarya ko da ta raha ce. Ni dai abin da na lura, Bahaushe ya daɗe da yi wa irin wannan shinge. Duk mai tatsuniya da ƙurunƙus take rufewa, ta ce ba don gizo ba da na yi ƙarya, wato kowa ya san abin da aka zauna yi. Wasanku ma kowa ya san takarda ɗaya ce ta gaskiya, kuma a ƙarshe ana bayyana ta. In zuciyarki ba ta kwanta ba ki tambayi malamin Islamiyyarku, ni malamar firamare ce.

Inda za ki yi hattara shi ne wa za a zauna da shi. Wasan nan ginshiƙinsa ki ruɗi mutum a yi masa dariya, kuma a wurinmu ba kowa ake yi wa haka ba. Ni da kakanki, halak ɗinki ne, ki yaudare mu son ranki, mu ma ba za mu raga miki ba. 'Ya'yan gwaggonki taubasanki ne, ɗan mace da ɗan namiji, dama wasa ya halatta tsakaninku. Ƙawarki Babarbariya da kika ce za ta zo, in ta tarar da Fulanin maƙwabtanmu, sai dai ki ja gefe ki sha kallo. Amma babanki da ƙannensa, kada ki soma. Ki yi tunanin Baffanki ya zaɓi ma'anar da kika ƙaga, yara su tuntsire da dariya, ke kuma ki ɗaga hannu ki ce taki ce. Zai yi murmushi, amma ni zan sha ƙorafin har bayan Sallah. Uwarki kuwa, ke 'yar fari ce, ko sunanki ba ta kamawa, ina za ta zauna tana musu da ke? In manya na sha'awa, a ba su kujerar alƙali, su saurara su yanke hukunci. Za ki ga sun fi ku jin daɗin abin.

Sai ƙamus ɗin. Na Bargery da kika samu a intanet babban aiki ne, ya fito a 1934, kalmomin cikinsa sun kai wajen 39,000, har yakan nuna wannan ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato. Sai dai bayaninsa da Turanci ne, rabin mutanen gidan nan kin fitar da su ke nan. Ki nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, shi Hausa yake fassarawa da Hausa.

Ko da shi ma, ki bar ƙofa a buɗe, don kalma ɗaya takan yi gida biyu. Ɗauki ƙoshiya. Ki tambayi matar gida ta ce miki ludayin itace ne na kicin, ki tambayi masaƙi ya nuna miki abin da yake jefa zare da shi tsakanin saƙa, kuma duka biyun sun yi gaskiya. A Nijar in mutum ya ce za shi likita, asibiti yake nufi. Basakkwace in ya ce yaro na kwana, barci yake. Ni kaina na taɓa shan kunya a kan wannan. Ina sabuwar malama, na zana kyanwa a allo na ce a rubuta sunanta. Wani yaro da aka yi wa babansa canjin aiki daga wajen Sakkwato ya rubuta mussa, na sa jan biro na soke, har na rubuta masa a gefe ya daina wasa. Washegari uban ya zo da littafin a hannu, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce malama, mu can haka muke ce mata. Ban san inda zan sa kaina ba. Don haka in wata tsohuwa ta ce a garinsu ba haka ake nufi da kalmar ba, a ba ta makinta, kada a tsaya nuna mata shafi.

Kuma in kin bi ta tawa, ba sai kin wahalar da kanki wajen tono kalmomin da ko mu ba mu taɓa ji ba. Kayan aikin kakanninki kaɗai sun ishe ku kwana uku. Salka, burgami, mangala, tandu, zabira, taskira, abawa. Na tabbata a cikin bakwai ɗin nan ba ki san uku ba. Mahaifiyata kullum bayan azahar tana bakin ƙofar ɗakinta da taskirarta cike da auduga, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, zare na fita tana hira ko kallonsa ba ta yi. Duk abin da ke gabanta da sunansa, yau kuwa jikokina sai su ce ƙarya nake.

To ga taki, tunda kin tsokano ni. A jikin mazarin nan akwai abin da ake kira gululu. Kada ki buɗe waya, kada ki tambayi kakanki, don na riga na ja masa kunne. Ki rubuto mini abin da kike tsammani kafin Juma'a. In kin kasa ki ba ni gari, kuma ki sani ba na karɓar ƙauye.

Kakarki, uwargidan da kika kasa korewa.