Me ƙungiyar mata masu digiri take yi wa ilimi, in ban da taro da anko?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko ƙungiyar mata masu digiri tana da wani tasiri na gaske wajen ganin 'ya mace ta samu rabonta a makaranta daidai da ɗa namiji, ko kuwa taro ne kawai da anko da ɗaukar hoto. Kin kuma ce ke da abokan karatunki kuna shawarar kafa irinta. Tasiri kam akwai, sai dai ba ta ƙofar da aka fi zato yake shigowa ba. Da an ambaci ƙungiya sai hankali ya tafi kan tallafin karatu, alhali tallafi dutse ɗaya ne cikin duwatsun murhu uku. Sauran biyun, ƙidaya da bin diddigin doka, su ake yawan mantawa.

Bari in ɗauki AAUW, ƙungiyar mata masu digiri ta Amurka, don tarihinta a rubuce yake, nasararta da tuntuɓenta duk a fili. Mata 17 masu digiri ne suka kafa ta a Boston a 1881, cikinsu har da Marion Talbot da Ellen Richards. A lokacin maganar wani likita, Edward Clarke, ita ke tashe: tun 1873 yake cewa zurfin karatu yana lalata lafiyar mace har ya taɓa haihuwarta. Matan nan ba su tsaya cacar baki da shi ba. Takardar tambayoyi suka aika wa mata 1,290 da suka yi jami'a, 705 suka amsa, sannan suka miƙa amsoshin ga ofishin ƙididdigar ƙwadago na jihar Massachusetts ya tantance. A 1885 sakamako ya fito cewa karatu bai nakasa lafiyarsu ba. Lura da hikimar kai wa ofishin gwamnati: ba wanda zai ce su suka shirya abinsu.

Dabararsu da ta fi burge ni ita ce ta shiga ƙungiyar kanta. Shekaru da dama ba kowace mai digiri ake karɓa ba, sai wadda jami'arta take cikin jerin da ƙungiyar ta amince da su. Kafin jami'a ta shiga jerin kuwa sai an duba ko akwai mata cikin malamanta, da yadda ake tafiyar da su, da irin masaukin da aka tanadar wa ɗalibai mata. Jami'ar da aka bari a waje, tsofaffin ɗalibanta ne za su hana ta sakat. Ba ko sisi da aka kashe, amma shugabannin jami'o'i sun yi gyara.

A 1992 suka fitar da rahoton da ya tattara bincike sama da 1,300 kan abin da ke faruwa cikin aji, ya nuna malamai sun fi kiran yara maza su amsa tambaya, sun fi ba su lokaci, 'yan mata kuma ana janye su daga lissafi da kimiyya tun da wuri. Rahoton ya sha suka, masu sukar suna cewa ai tun farkon shekarun 1980 mata suka zarce maza a yawan masu kammala digirin farko a Amurka. Suna da gaskiyarsu ta wannan fuska, kuma darasi ne gare ku: in alƙalumanku sun nuna maza ne a baya a wani fanni, ku faɗa. Ranar da aka kama ƙungiya tana zaɓen alƙaluman da suka yi mata daɗi, ta gama yawo.

Sai doka. A 1972 Amurka ta yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya, kuma dole kowacce ta naɗa jami'in da zai kula da kiyaye ta. Aikin rassa a nan mai sauƙi ne: mambobi biyu ko uku su je makaranta su tambayi wane ne jami'in, ina ofishinsa, yarinya ta san inda za ta kai ƙara? Haka kuma ƙungiyar ta binciki rahotannin laifuka da doka ta wajabta wa jami'o'i su fitar duk shekara, ta gano kashi 91 cikin ɗari na harabobin sun rubuta cewa ba a samu rahoton fyaɗe ko ɗaya ba a 2014. Ba ta yi musu barka ba. Cewa ta yi wannan sifilin alama ce ta ɗalibai ba su yarda da hanyar kai ƙara ba. Tun 1981 kuma tana da asusun taimaka wa matan da suka shigar da ƙarar nuna bambanci.

Tallafin karatunsu na farko dala 350 ne, aka ba Ida Street a 1888. A 1917 suka buɗe wa matan ƙasashen waje, kuma Ngozi Okonjo-Iweala tana cikin waɗanda suka ci moriyarsa lokacin tana digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka. A shekarar karatu ta 2022/2023 abin da suka raba ya kai dala miliyan 6. Rassa da yawa da gwanjon tsofaffin littattafai suke tara nasu kason. Akwai kuma sansanin kimiyya na mako ɗaya da aka fara a Kalifoniya a 1998, wanda malaman lissafi da kimiyya ne ke gabatar da sunayen 'yan matan da za su je, ba mambobi ba.

Kada a ɗauka tsarkakakkiya ce. A 1946 reshen Washington ya ƙi karɓar Mary Church Terrell, baƙar fata mai digiri biyu, sai a 1949 babban taro ya gyara tsarin mulki ya toshe wannan ƙofar. Sharaɗin mallakar digiri ma ya daɗe yana raba kawunansu, don wasu na ganin ba ta yiwuwa ana kiran adalci ana rufe wa marar takarda ƙofa. A 2021 an kaɗa ƙuri'ar cire shi, ba a samu kashi biyu cikin uku da ake bukata ba.

To yanzu ku. Kafin ku kafa sabuwa, ku binciki NAUW, ƙungiyar matan jami'a ta Najeriya, mai rassa a jami'o'i, wadda ke da alaƙa da uwar ƙungiya ta duniya da aka kafa a 1919, yanzu ana ce mata GWI. Farfaɗo da reshe ya fi kafa sabuwa arha. In kun nace sai taku, rajistar amintattu za ku yi a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi.

Shekarar farko kada ku raba komai, ku ƙirga. Ku ɗauki makarantu biyar kacal a ƙaramar hukuma ɗaya. Ku rubuta yawan 'yan mata da maza a aji shida na firamare, da aji ɗaya da uku na ƙaramar sakandare, da aji ɗaya na babba, da waɗanda suka zauna WAEC ko NECO. Inda layin ya karye, nan aikinku yake. Kada ku dogara da rajista, don sunan yarinya yakan zauna a ciki bayan ta daɗe da barin zuwa. Ku shiga aji ku ƙirga kawuna sau biyu, ɗaya ranar kasuwar garin, ɗaya wata ranar, kuma ba tare da an san da zuwanku ba, bayan kun karɓi izinin sakataren ilimi tun farkon zango. Ku duba malamai mata nawa ne, tafiyar minti nawa ce daga unguwa mafi nisa, da banɗaki. Banɗakin ku leƙa da kanku: yana da ƙofa, ƙofar tana da sakata, akwai ruwa? Sau da yawa ginin yana nan da sabon fenti, makulli yana aljihun wani malami.

Da wannan takarda a hannu za ku tunkari hukuma. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, don haka duk kuɗin da ake karɓa a ƙaramar sakandare da sunan wani abu, kuna da hurumin tambaya. Dokar ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma jiha ba ta cin nata sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa kuɗi kan yi shekaru a kwance. Ku rubuta wa UBEC a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa, ku ji matsayin jiharku. Wasiƙa kuwa bukata ɗaya ake sa mata, mai adadi da wuri: malamai mata uku a makaranta kaza kafin sabon zango. Mai cewa "a inganta ilimin mata" sa hannu kawai ake yi mata a jefa cikin fayil. Ku kuma nemi kujera a SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, na kowace makarantar.

In an zo tallafi, nan aka fi yin ɓarna. Gara yarinya 10 na shekara uku cur da 100 na zango ɗaya, don wadda aka yanke wa tallafi a tsakiya ta koma inda ta fito, ga ɓacin ran iyaye a kai. Kuɗin makaranta shi ne ƙarami. Abin da ke korar yarinya kuɗin mota ne, da kayan makaranta, da audugar mata, da kuɗin jarrabawa, da ribar tallan da gida zai rasa. Na makaranta a biya makaranta kai tsaye kafin a koma hutu, na mota a ba uwa wata-wata bisa sharaɗin zuwa aji. Kwamitin zaɓe mutum biyar, a rubuta ƙa'ida tun kafin a ga sunaye, kuma 'yar mamba ko ƙanwarta ba ta shiga. A je gidan, a zauna da uba ko waliyyi, in da hali tare da mai unguwa. Wanda aka tsallake shi, shi zai cire ta.

'Yan ajin ƙarshe kuma abu biyu ke kayar da su. JAMB da kwamfuta ake yin ta tun 2015, ga yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, don haka ku yi hayar cibiya su yi gwaji ko sau huɗu ne. Na biyu lambar NIN, wadda ba a rajista sai da ita. A'isha a nan, Aishatu a can, ko ranar haihuwa ta saɓa da ta takardar WAEC, sai a zo tantancewa a jami'a a tsaya cak. Tun tana aji biyu ake daidaita wannan.

Asusu biyu za ku buɗe, na gudanarwa daban na tallafi daban, kowanne da sa hannun mutum biyu cikin uku, a karanta lissafi a kowane zama. Kuɗin tallafi ba ya sayen lemon taro. Kada kuma ku kwaikwayi tsarin ajiye uwar kuɗi ana cin riba ido rufe, don a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ku lissafa abin da yarinya ɗaya za ta ci har ta gama, ku ƙara wani abu saboda tsada, sannan ku san nawa za ku iya ɗauka.

AAUW ba ta mara wa ɗan takara baya, ku ma ku sa wannan a tsarin mulkinku. Matar mai mulki ta ba da gudummawa a karɓa a ba ta rasit, amma kada a naɗa ta uwar ƙungiya, domin ma'aikatar mijinta ce za ku rubuta wa kan banɗakin da ba sakata.