Amsa ga Hajiya kan tudun rage gudu a ƙofar makaranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da malamai na wannan zaure, barkanmu da war haka. Na saurari muryar da Hajiya ta aiko jiya bayan Isha, inda take tambaya ko ya dace mu yi karo-karo mu sayi siminti da yashi, samarin unguwa su gina tudun rage gudu a ƙofar makarantar yaranmu, tun da saura ƙiris mai pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ya buge jikanta ranar Talata. Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, Allah ya raya mana shi. Zan amsa gwargwadon abin da na sani, a matsayin wanda ya shekara 24 yana jan trotro, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi kafin ciwon baya ya sauke ni daga kujera.

Ban goyi bayan mu gina tudun da hannunmu ba. Titunan cikin gari suna ƙarƙashin Sashen Hanyoyin Birane da majalisar gunduma ne, kuma abin da aka gina ba da izininsu ba suna iya rushe shi, kuɗinmu ya bi ruwa. Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da idona ya sha gani: tudun da samari suka gina cikin dare yakan yi tsini, babu fenti, babu allon gargaɗi, sai mai babur ya taho da goyon mace da asuba ya yi karo da shi su zube. Direba kuma idan ya gane tudun yana dukan cikin motarsa, sai ya koyi kauce masa ta gefe, ta bakin kwata, wato daidai inda yaran suke bi, domin kantuna da teburan masu sayarwa sun riga sun cinye wurin masu tafiya a ƙasa.

Dokar gudu kuwa tana nan tun tuni. Ƙa'idojin hanya na 2012, waɗanda ake kira L.I. 2180, sun kayyade kilomita 30 a awa a kusa da makaranta, masallaci, asibiti da kasuwa, da kilomita 50 a sauran cikin gari. Mai tafiya a kan 30 yana cin mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai tafiya a kan 50 yana cin kusan mita 14, kuma daga lokacin da ido ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafa ta sauka a kan birki, daƙiƙa guda ta riga ta wuce. Bayan an taka birkin ma, tazarar da motar za ta ja kafin ta tsaya ta kusa ninka uku a kan 50. Wannan lissafi ne na mota mai lafiyayyen birki da taya mai kyau, kuma mun san irin tayoyin da muke yawo da su.

Amma Hajiya, ki yi mini afuwa, a ƙofar makarantarmu ba gudu ne babbar matsala ba. Wa zai yi gudu a wannan layi da ƙarfe bakwai na safe? Ki tsaya wurin mai koko ki duba. Mai pragya ya tsaya a bakin ƙofa yana sauke yara shida, wani ya tsaya a bayansa, uba ya zo da mota yana neman inda zai juya, aboboya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ɗauke da buhunan ruwan leda yana matsa hon, mai babur kuma yana kutsawa ta duk kafar da ya samu. Yaro ɗan shekara shida tsayinsa bai kai rufin mota ba, saboda haka idan ya fito daga bayan abin hawan da ke tsaye, babu direban da zai gan shi, shi ma kuma ba ya ganin abin da ke tahowa. Ya taɓa faruwa da ni wata safiya cikin hunturu, a gaban wata makaranta. Wata yarinya ta fito daga bayan motar da ke lodi, ƙosai a hannunta, jaka tana reto a bayanta. Da kyar nake gangarawa a giya ta biyu, duk da haka sai da bamba ta taɓa jakar. Yaron motata ne ya sauka ya ɗaga ta, ba ta ji ciwo ba, kuka take yi saboda ƙosanta ya faɗi a ƙasa. Ni kuwa ban iya ci gaba da aiki a ranar ba. Mafi yawan abin hawan da ke toshe ƙofar nan, mu iyaye muka kawo su, ko mu muka biya su.

Shawarata ita ce mu nemi izini a riƙa rufe layin makarantar ga abin hawa na ɗan lokaci, misali daga 6:45 zuwa 7:45 na safe, sannan minti 45 lokacin tashi, a ranakun karatu kaɗai. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Garin Bolzano na ƙasar Italiya ya fara shi tun 1989, unguwar Hackney ta Landan ta ɗauka a 2017, yanzu ya bazu a makarantu masu yawa a birnin, Faris ma ta bi sahu daga 2020. A wasu wuraren kyamara ce take kama mai laifi a aika masa tara. Mu shingen ƙarfe biyu masu ɗaukuwa da mutum biyu sanye da riga mai ƙyalli sun ishe mu. Mazauna layin, motar asibiti, motar kashe gobara da mai ɗauke da yaro mai nakasa ko maras lafiya, a ɗaga musu su wuce a hankali. Sauran kowa ya sauke yaro a bakin layi, ya taka mita ɗari ko ɗari biyu da ƙafarsa.

Na san za a yi ƙorafi. Masu pragya za su ce an hana su neman abinci, alhali kuɗinsu bai ragu da ko sisi ba, wurin saukewa ne kawai ya matsa. Masu koko da wake da shinkafa ina ganin ciniki ma zai ƙaru musu, tun da mai tafiya a ƙasa shi ne yake tsayawa ya saya. Ƙorafin da ke da nauyi a wurina shi ne na maƙwabtan layi na gaba, domin cunkoson da muka kora wurinsu zai nufa, kuma idan ba a tsara inda za a riƙa saukewa ba, mun kwashe haɗarin ne daga ƙofa mun kai shi mahaɗa. Haka kuma wannan dabara ta ƙaramin layi ce. Babban titin da yaran unguwar Sawaba suke tsallakowa ba ya rufuwa. Can sai zanen tsallakawa, allo, tudun da injiniya ya auna, da babban mutum mai tsallakar da su. Kada kuma mu manta da makarantar Islamiyya, wadda yara suke tashi daga cikinta dab da Magariba, lokacin da ido yake yaudarar direba kuma wasu baburan ba su da fitila.

Hukuma takan fi saurarar wanda ya zo da lissafi a rubuce. Mu ɗauki mako guda muna ƙirga abin hawan da ke shiga layin da yaran da ke tafe a ƙasa, mu ɗauki hotuna, sannan shugaban makaranta da kwamitin iyaye su rubuta takarda zuwa majalisar gundumarmu ta Asokore Mampong ta hannun wakilin unguwarmu, a ba 'yan sandan kula da zirga-zirgar ababen hawa, wato MTTD, kwafi, a ba Hukumar Kiyaye Haɗurran Hanya ta Ƙasa, wadda dokar 2019 ta ƙara wa iko. A nemi gwajin zango ɗaya na karatu, domin gwaji ya fi saurin samun amincewa. Liman da mai unguwa su sa hannu kafin takardar ta fita. Shugabannin tasha da na masu pragya kuwa ku bar mini su, na san yadda zan yi musu magana.

Kuɗin simintin da aka fara tarawa, Hajiya, a riƙe shi tukuna, zai yi mana shinge da riguna. Ranar Litinin in sha Allahu zan kasance wurin mai koko da littafi da biro tun 6:30, kuma ina bukatar mutum ɗaya ya tsaya a ɗaya bakin layin. Wanda zai iya ya sanar da ni a nan kafin Lahadi da dare. Wassalamu alaikum.