Amsa: Ko akwai rubutu a cikin layar azurfar Buzaye?

Malam, ka ce ka sayi layar azurfa irin ta Buzaye a kasuwar Agadas, kana tambaya ko ka fasa ta ka ga abin da ke ciki. Kar ka fasa. Galibin waɗanda ake bajewa a kasuwa don baƙi babu komai a cikinsu. Aikin maƙeri shi ne ƙera gidan laya, ya zana shi, ya liƙe bakin. Rubutun kuwa malami ne ke yi, ayoyi ko hatimi a 'yar takarda, kuma da sunan mai ita ake yi.

Amma in tsohuwa ce, wadda aka gada ko aka saya daga hannun iyali, to da alama akwai rubutu. Za ka gane ta: igiyar fata ta yi baƙi saboda gumi, zanen kusurwoyin ya shafe don yawan goguwa da ƙirji. Irin wannan na ga an ɓalle ta da wuƙa, azurfar ta lanƙwashe, takardar ta marmashe, gyara ya gagara. Ka bar ta a rufe, kuma tunda wataƙila ayoyin Alƙur'ani ne a ciki, ka riƙa cire ta kafin ka shiga bayi.