Shin sojojin waje suna kare farar hula a yaƙin basasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shigowar sojojin waje cikin yaƙin basasa tana ceton farar hula, ko ƙara musu wahala take yi. Ni dai ina goyon bayan a shiga, amma da sharaɗin dakarun su sauka ƙasa kusa da mutane, su kuma tsaya har ƙura ta lafa.

Dubi Ruwanda a 1994. Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna ƙasar aka fara kisan ƙare dangi, sai aka yanke shawarar rage su zuwa 270. Cikin kwana 100 aka hallaka mutum kusan 800,000. Har yau abin yana ci min rai.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Unguwar Rogo, nan Jos, tsohon soja, da ya je Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta shiga ƙasar a 1990. In yana ba mu labari bayan sallar isha'i, yakan ɗaga wando ya nuna tabon harsashi a ƙwaurinsa. Ya ce mata da goyo sukan kwana a gindin shingensu, domin nan kaɗai suke iya runtsawa. Shi da bakinsa kuma yake cewa wasu abokan aikinsa sun kwashi kayan mutane.

Libiya ce ta sa na kafa sharaɗi. A 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izinin kare farar hula, ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi ta ruwan bama-bamai har aka kifar da Gaddafi. Jirage suka tafi, rumbunan makamai suka zama na kowa, wasu makaman suka kwarara zuwa Mali, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye.