Amsa ga Malam mai tambaya kan jiragen yaƙi

Malam, ka ce kullum ana jin an sayo jirage amma in an kai hari Isa ko Sabon Birni sai a ce babu jirgi kusa, wai ina suke shiga. To ni ba matuƙi ba ne, bakanike ne, shekara ashirin da ɗoriya na yi ƙarƙashin fiffike kafin in aje aiki in dawo gida Sakkwato, bari in gaya maka ɓangaren da na sani.

Sayen jirgi kamar sayen doki ne, ranar da ka biya kuɗi ranar wahala ta fara. Super Tucano 12 ɗin nan da anka sayo daga Amurka, shida na farko sun iso a 2021 an kai su Kainji, kuɗin da anka biya wajen dala miliyan 500 ba na jirgi kaɗai ba ne, har da kayan gyara, makamai da horas da mutane. Kuma in ka ji 12 kada ka ɗauka 12 ne ke tashi kullum, dole wasu na cikin hanga, wato rumfar gyaran jirage, ana duba su, wasu na jiran kaya.

Mu a wurinmu ba a jiran abu ya lalace. Kowane muhimmin ƙarfe da awoyinsa a rubuce cikin littafin jirgi, awa ta cika a cire shi ko da sabo fil yake a ido. Har harsashin da ke cilla kujerar matuƙi waje in jirgi zai faɗi yana da ranar ƙarewa kamar magani. Na taɓa ganin jirgi lafiyayye ya yi wata huɗu a ƙasa saboda wata 'yar roba da ba ta fi zoben hannu ba, wallahi a kasuwar 'yan sifiya za ka ga mai kama da ita sak, amma babu takardar shaida wa zai sa hannu? Ran ɗan wani ne a sama. Ƙarshe sai munka ciro daga wani jirgin da ke kwance, wanda shi ma ba hali ne mai kyau ba, yau ka ciri roba gobe famfo, kafin ka farga ya koma ƙashi.

Sannan ga ƙasarmu, ƙurar hunturu tana cin fuka-fukan inji a hankali kamar yashi, zafin Afrilu kuwa iska ta yi sakayau, jirgi ba ya ɗaukar kaya kamar da sanyin safiya.

Batun ƙara masa kyamara ko makami da ka ce a yi a gida, ana yi, amma ba kamar sa rediyo a mota ba ne, sai injiniyoyi sun lissafa nauyi, wuta, girgiza, a yi tashin gwaji sannan a sake rubuta littafin gyara. An dai fara motsawa, a 2019 anka kammala babban garambawul na C-130, babban jirgin dakon kaya da sojoji, a Ikeja maimakon kai shi waje, ga AFIT Kaduna, makarantar fasaha ta sojan sama, tana yaye yara.

Wani dare sifana lamba goma ta ɓace mana bayan aiki, oga ya rufe hanga ya ce ba mai tafiya gida don kada a ce cikin jirgi anka bar ta, sai wajen ƙarfe biyu anka same ta cikin aljihun wani yaro yana ta nema tare da mu.